Mili Biyar a Bakin Gilashi

Motar ta dawo da gilasan kafin ƙarfe goma na safe, duka arba'in da biyu. Ina zaune a ofis na ji ƙarar birkinta. Na leƙa ta taga, na ga Dogo ya diro daga baya bai gaishe da kowa ba. Dogo shi ke haɗa firam ɗin tagogi, shi kuma ke zuwa ɗaura su a gini. In ya dawo yana fito, aiki ya yi kyau. Ranar bakinsa a rufe yake. Na fito daga ofis.

"Ko ɗaya bai shiga ba," ya ce wa Maigida. "Mun juya su, mun kifa su, har lallashinsu na yi. Sun fi ramin girma."

"Da nawa?"

"Mili biyar. Faɗi da tsawo."

Maigida ya juya ya dubi teburin yanka, inda Kawu ke tsaye yana goge dayamon ɗinsa, abin yankan gilashi, da tsumma.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shekara ashirin da shida yana yanka gilashi a shagon nan, tun mahaifin Maigida na da rai. Shi ya kawo ni, bayan na gama sakandare na yi shekara biyu ina dumama benci a ƙofar gida. Ya ce wa Maigida, "Ga ɗan ƙanwata, ya iya kwamfuta." Ban iya ba sosai. A kan aikin na koya.

Aikin ba shi da wuya. Dogo ya auno ramin firam, ni in shigar da awon a shafin lissafi, kwamfuta ta cire ragi, in buga takarda, Kawu ya yanka. Ragi shi ne 'yan milimitocin da ake ragewa don gilashi ya samu wurin zama a cikin robar firam. Tun da na zo, ragin huɗu ne.

Akwai abin da ni da Kawu ba mu taɓa zancensa ba. Tun bara na lura yana kai takarda kusa da hancinsa. Sai na ƙara girman rubutu, har kowace lamba ta kai babban yatsa. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Maigida ma ya lura. Yana da ƙanin mata da ya koyi yanka a wani wuri, kuma sau biyu ya kawo shi shagon wai ya ga gari.

Maigida ya taka har gaban tebur.

"Sabon firam ne, robarsa ta fi kauri," ya ce. "Ragi tara. Da hannuna na sa tara a kwamfuta ranar Larabar makon jiya, da hannuna na buga takarda na ba ka. Ko ba haka aka yi ba?"

"Haka aka yi," in ji Kawu.

Ranar Laraba ba na nan. Na raka Mama asibiti ciro haƙori.

"Rami ɗari shida, cire tara, nawa kenan?"

"Ɗari biyar da casa'in da ɗaya."

"Dogo, nawa ka samu?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Da casa'in da shida."

"To. Ɗaya da shida sun zama abu guda a idonka kenan."

Kawu ya ci gaba da goge dayamon, alhali ya riga ya goge.

"Ina takardar?"

Kawu ya shafa ƙirjinsa, ya shafa aljihun wando. "Ta ɓace. Ƙila an share ta da shara."

Daga inda nake tsaye ina ganin gefenta a aljihun rigarsa, a ninke, da tabon kananzir.

"Auta," Maigida ya ce ba tare da ya dube ni ba, "shiga ka bugo wata."

Ofis ɗin ɗan ɗaki ne, katako da gilashi suka raba shi da sauran shago. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, fanka da ba ta juyawa sai an tura ta da rula. Na zauna na buɗe aikin Laraba.

A saman shafin akwai gida guda na rubuta lamba, mai launin ruwan ɗorawa, an rubuta RAGI a gefensa. Tara ne a ciki. Maigida bai yi ƙarya ba. Na sauke ido zuwa jerin awon yanka. Layi na farko: 596. Na biyu: 896. Na uku: 1196.

Ban buƙaci duba na huɗu ba.

Wata takwas da suka wuce, lissafin kowane layi yana ɗauko ragi ne daga wannan gida mai ruwan ɗorawa. Na lanƙaya wa gidan suna, RAGI, na kuma sa wa jerin faɗi suna FADI, jerin tsawo TSAWO, don kowa ya iya karanta lissafin kamar magana: FADI cire RAGI. Ya yi kyau. Matsalar ita ce Maigida ba ya iya wuce kwamfuta bai taɓa ta ba. Wata rana yana waya, ya rasa biro, ya rubuta lambar wayar mai gini a cikin gidan. Duk awon ya koma ƙasa da sifili. Dogo ya kwana uku yana tambayata ko Kawu ya gama yanka gilashin da ya fi babu ƙanƙanta.

Ranar na raba sunan da gidan. Akwai wata 'yar taga inda kwamfuta ke ajiye sunaye, ba ta fitowa sai ka neme ta. A can na rubuta wa RAGI lambarsa kai tsaye, huɗu. Daga nan duk lissafin da ya kira RAGI, huɗu yake samu, ko me aka rubuta a shafi. Gidan ɗorawar na bar shi a wurinsa da huɗu a ciki, ado kawai, ba abin da ke jingine da shi. Na ce zan faɗa wa Maigida. Ban faɗa ba. Gaskiya ita ce na ji daɗin a ce akwai abu guda a shagon nan da ni kaɗai na san inda yake.

Maigida ya zo ranar Laraba ya sa tara a gidan da ba ya aiki, ya buga takarda bai duba ba. Kawu ya yanka abin da takarda ta ce, daidai, sau arba'in da biyu. Kuma ya san abin da takardar ta ce, shi ya sa take aljihunsa.

Na buɗe 'yar tagar sunayen. RAGI, huɗu.

Ta cikin gilashin ofis ina ganin bayan Maigida. Ba mai kallona. Dogo da direba suna sauke gilasai suna jingina su a bango, kwali tsakanin kowane biyu.

Na goge huɗu na rubuta tara.

Duk shafin ya motsa lokaci guda. 591. 891. 1191. Kamar tun ranar Laraba haka suke. Ba alama, ba tabo. Maigida bai san tagar nan tana duniya ba. Dogo ko kunna kwamfuta bai iya ba. Kawu ba zai fito da tasa takardar ba, na san shi.

Na tuna bencin ƙofar gida. Na tuna yadda maƙwabta ke gaishe ni da azahar, "Auta, ana hutawa?" Na danna bugu.

Firinta ta ja takarda a hankali, tana ƙara kamar mai ciwon ƙirji. Na tsaya a kanta har ta gama. Takardar da ɗumi. Na fito da ita.

Maigida ya sa an kwantar da gilashi ɗaya a kan teburin yanka. Ya karɓi tef ɗin Dogo ya ja shi daga baki zuwa baki, ya danne da yatsa.

"Ba wulaƙanci nake nufi ba," yana ce wa Kawu. "Ka goye ni a shagon nan, ban manta ba. Amma gilashi arba'in da biyu ba wasa ba ne, mai gini kuma yana jirana Asabar. Karanta mini abin da tef ya nuna. In ka karanta daidai, ni zan ba ka haƙuri a gaban kowa. In ba ka iya ba, ka ajiye dayamon, mu rabu da mutunci."

Direba ya sulale waje. Dogo ya tsaya riƙe da kwali.

Kawu ya ajiye tsumma. Ya sunkuya a kan tef ɗin. Ya ƙara sunkuyawa. Ya sa farcen babban yatsansa yana bin ƙananan layukan, leɓensa na motsi. Na ga jijiyar wuyansa. Hular kansa ta zame gaba, bai gyara ba.

Maigida ya miƙo mini hannu don takardar, idonsa na kan Kawu.

Ban ba shi ba.

"Yallaɓai," na ce, "ka zo ka ga wani abu a ofis."

"Ba ni takarda."

"Takardar nan ba ita ce ta Laraba ba. Yanzu na gyara ta."

Sai a lokacin ya dube ni. Kawu ya ɗago a hankali.

"Auta," ya ce, "ba a tambaye ka ba."

"Na sani, Kawu."

Muka shiga ofis ni da Maigida. Dogo ya biyo mu ya tsaya a bakin ƙofa, tsawonsa ya toshe haske. Na zauna, na buɗe 'yar tagar a gabansu, na mayar da tara huɗu. Shafin ya koma 596.

"Haka yake ranar Laraba," na ce. "Haka ka buga."

"Ga tara nan a sama, da hannuna na sa."

"Sa ɗari, Yallaɓai."

Ya sunkuyo ya danna da yatsa ɗaya. Ɗaya, sifili, sifili. Ba abin da ya motsa a shafin.

"Sa dubu."

Bai sa ba. Ya miƙe.

Na yi masa bayani yadda zan iya. Na ce sunan RAGI ba ya kallon wannan gida, lambarsa tana ciki can, ni na sa ta, tun ranar lambar waya. Na ce gidan ɗorawa hoto ne kawai. Muryata ta fito siririya, ban ji daɗinta ba.

"Wato wata takwas ina da makulli a hannu wanda ba ya buɗe komai," in ji Maigida.

"Eh."

"Kuma yanzu da na aike ka, ka shigo ka gyara, ka bugo mini takardar da za ta ce tsohon nan ne ya yi kuskure."

"Eh."

"Injiniya," Dogo ya ce daga ƙofa, a hankali, "kai fa ba ka da dama."

Maigida ya karɓi takardar daga hannuna, ya duba, ya ninke ta biyu ya ajiye a tebur. Na zaci zai ce in tashi in tafi. Na ma fara tunanin abin da zan ce wa Mama. Sai ya fita ya koma wurin Kawu. Muka bi shi.

Tef ɗin yana nan a kan gilashi yadda aka bar shi.

"Laifin na ɗan ƙanwarka ne," Maigida ya ce. "Ka yanka abin da aka ba ka. Na ɗora maka abin da ba naka ba, ka yi haƙuri." Ya nuna tef ɗin. "Amma na ga yadda ka sunkuya. Tambayata tana nan."

Duk abin da na faɗa bai cire tef ɗin daga tebur ba.

Kawu ya gyara hularsa.

"Ba na ganin ƙananan layukan," ya ce. "Shekara biyu kenan. Manyan lambobi ina gani, sauran da farce nake ƙirgawa. Ba sai ka sake gwada ni ba."

A waje wani mai babur yana ta danna oda.

"Gilasan nan me za ka yi da su?" Kawu ya tambaya.

"Me zan yi da su? Sai dai a yanka su ƙanana a yi wani aiki. In sayo sababbi, in akwai irinsu a kasuwa kafin Asabar."

"A rage musu biyar ɗin."

Dogo ya yi 'yar dariya ta hanci. "Kawu, mili biyar fa. Ko filaya ba ta da wurin kamawa. Zai bi ta ciki ya tsage."

"Kai firam ka sani. Kawo mini guntun katako da ƙusa."

Ya sa Dogo ya feƙe katakon, ya sa ni na auna mili biyar daga gefensa na yi alama, ya ce in sake aunawa, na sake. Ya buga wani guntun a jikinsa ya zama kamar ƙugiya, yadda in ya maƙala shi a bakin gilashi, rula za ta zauna daidai wurin ba sai an kalli tef ba. Maigida yana tsaye hannu a aljihu.

"In ka fasa fiye da goma," ya ce, "maganar ta ƙare. Goma zan iya cikewa da abin da ke sito. Fiye da haka ba zan iya ba, kuma ba zan ƙara jira ba."

"Na ji."

"Kai kuma," ya nuna ni da haɓa, "ka bar kujerar can. Ka tsaya nan ka riƙe masa rula, tunda kai ne mai ido."

Kawu ya tsoma dayamon a gwangwanin kananzir. Ya ɗora. Ya ja sau ɗaya, daga can zuwa nan, ƙarar siririya kamar ana yaga alharini. Ya juya dayamon ya ƙwanƙwasa ƙarƙashin layin da gindinsa, kaɗan kaɗan, kunnensa kusa da gilashin. Sannan ya naɗe bakin filaya da tsumma ya kama. Siririn gilashi ya ɓalle tsawon hannu, sauran ya bi shi guntu guntu. Ya juya gilashin ya yi wa ɗaya gefen. Ya goge bakin da dutse.

Dogo ya ɗauko firam ɗin gwaji ya zura shi. Ya zauna cikin roba ba ƙara.

"Saura arba'in da ɗaya," in ji Maigida.

Na biyu ya fashe. Tsagar ta bar layi ta shiga tsakiya kamar an kira ta. Na uku ya fita. Na huɗu da na biyar suka fashe a jere. Kawu ya tura gutsattsarin cikin durom da gefen hannu. Kafin azahar mun yi goma sha huɗu, shida a durom.

Dogo ya daina tsokana. Ya ja kujera ya zauna yana ƙirga da alli a bango, layi ɗaya duk fashewa. Maigida yana shiga ofis yana fitowa, waya a kunne, yana ce wa mai gini komai na tafiya daidai.

Na sha biyar ya fashe a gefen ƙarshe, bayan an gama mai wuyar. Bakwai.

Kawu ya ajiye filaya ya dube ni.

"Hannunka ke rawa," ya ce. "Rula tana motsi ina ji. Me kake tsoro? Abin da za ka yi ka riga ka yi shi. Danna da tafin hannu, ba da yatsu ba. Kuma ka daina riƙe numfashi, kana sa ni ma ina riƙewa."

Na danna da tafin hannu.

Daga nan muka yi sha tara a jere ba fashewa. Ban san yadda aka yi ba. Na daina kallon bango, na daina kallon Maigida. Rula, kananzir, ja, ƙwanƙwasa, filaya. Yatsun Kawu sun yi jini a wuri uku, ya naɗe su da salatif ya ci gaba. Ƙasan tebur ya cika da siraran gilashi, suna ƙara a ƙarƙashin takalmanmu.

Na talatin da biyar ni na fasa shi. Ina ɗaukowa daga bango gefensa ya bugi ƙafar tebur.

Dogo ya ɗaga alli ya dubi Maigida. "Wannan na wa zan rubuta?"

"Gilashi ya fashe ko bai fashe ba?"

Dogo ya ja layi. Takwas.

Saura bakwai, duka manya, masu dubu da ɗari biyu. Su suka fi wuya, layin ya fi hannun Kawu tsawo, sai ya taka yana ja. Na farko ya fita. Na biyu ya tsage tun kafin a kama shi da filaya. Tara. Kawu ya nemi ruwa, ya sha rabin kofi, ya zuba sauran a hannunsa.

Biyar ɗin ƙarshe mun ɗauki fiye da awa a kansu. Da Dogo ya zura na ƙarshe a firam ya zauna, ya tsaya riƙe da shi kamar bai yarda ba.

Maigida ya je bango ya ƙirga layukan da yatsa, ko da yake kowa ya san adadinsu.

"Tara," ya ce. "Gobe ka yanka tara daga sito. Dogo, Juma'a da sassafe ku loda." Ya juyo gare ni. "Kafin ka tafi, ka mayar da sunan nan kan gidan da nake gani. In na sa lamba, ina so in ga shafi ya motsa. Kuma daga yau rabin yininka a teburin nan yake. Duk awon da zai yanka, kai za ka karanta masa da baki, a gaban kowa."

"To, Yallaɓai."

"Ban ce na yafe ba. Ban dai da lokacinka yau."

Na shiga na gyara. Minti biyu bai kai ba. Na sa tara a gidan ɗorawa, shafi ya motsa. Na sa huɗu, ya motsa. Na mayar da tara na kashe.

Na samu Kawu a bayan shago wurin famfo, yana ɓare salatif daga yatsunsa. Na tsaya a gefensa. Na shirya magana tun a ofis.

"Kawu, takardar da na bugo ɗazu..."

"Na ji ƙarar firinta," ya ce. "Kunnena lafiya lau yake."

Ya sa hannu ƙarƙashin ruwa, ya ɗan yamutsa fuska.

"Maganar idon nan, kada ka kai wa uwarka. Za ta tayar da hankalin gida biyu. Ni zan faɗa mata da kaina, in na samu ranar da haƙorinta ya bar ta." Ya miƙo mini hannun dama, jini na bin ruwan. "Duba nan. Akwai guntu a ciki, ina jinsa, ba na ganinsa."

Na kama yatsan na juya shi wajen haske. Yana nan, ɗan ƙarami, a ƙarƙashin farce.